David Selznick, furodusan da ya ƙi zaman ɗan albashi

A shekarun 1930, harkar fim a Amurka tana hannun manyan kamfanoni biyar ne: MGM da Paramount da Warner Bros. da Fox da RKO. Kowanne yana da filin ɗaukar fim, da jaruman da ya ɗaure da kwantiragin shekara bakwai, da gidajen sinima na kansa. A waɗannan kamfanoni, komai hazaƙar furodusa, ma'aikaci ne mai jiran albashi. Ana cikin haka David O. Selznick ya ajiye muƙaminsa a MGM a 1935, yana ɗan shekara 33, ya ce zai tsaya da ƙafarsa.

Sana'ar gado ce a wurinsa. An haife shi a Pittsburgh a 1902, mahaifinsa Lewis Selznick kuwa attajirin fim ne a New York, har ya zo ya karye a 1923. David ya isa Hollywood a 1926, ya fara da tantance labarai a MGM, ya koma Paramount, a 1931 kuma RKO ta damƙa masa ragamar shirya finafinanta baki ɗaya, bai cika shekara 30 ba. A zamaninsa aka yi King Kong, shi ne kuma ya sa Katharine Hepburn a fim ɗinta na farko.

A 1930 ya auri Irene, 'yar Louis B. Mayer, shugaban MGM. Da ya koma kamfanin a 1933, sai magulmata suka ce albarkacin suruki yake ci. Ya ba su amsa da aiki, ya yi David Copperfield da Anna Karenina, amma bakin bai mutu ba. A ganina, wannan gori da kuma burin dawo da sunan gidansu su ne suka fitar da shi daga inuwar Mayer.

Ya kafa Selznick International Pictures da jarin attajirin nan John Hay Whitney, ya yi hayar fili a Culver City, ya ba United Artists aikin rarraba finafinansa. Manyan kamfanoni kan saki fim arba'in zuwa hamsin a shekara, shi kuwa ya zaɓi ya yi kaɗan, ya zuba musu kuɗi, ya sa ido a kan komai, tun daga rubutu har ɗinkin rigar jaruma. Ya yi suna wajen dogayen wasiƙun gyara da yake yi wa sakatarorinsa shifta har tsakar dare, daraktoci suna karantawa suna cizon yatsa.

A 1936 ya sayi haƙƙin littafin Margaret Mitchell, Gone with the Wind, kan dala 50,000. A nan ne iyakar 'yancinsa ta bayyana. Jama'a sun dage cewa Clark Gable ne kaɗai zai iya fitowa a matsayin Rhett Butler, Gable kuwa ɗan kwantiragin MGM ne. Dole Selznick ya koma ƙofar surukinsa. MGM ta ba da aron Gable da dala miliyan 1.25, ta karɓi rabin riba, uwar kamfaninta Loew's kuma ta karɓi rarraba fim ɗin. Wanda ya bar gida don kada a ce albarkacin suruki yake ci, sai ga shi babban aikin rayuwarsa bai yiwu ba sai da hannun surukin.

Ranar 10 ga Disamba 1938 aka cinna wa tsofaffin gine-ginen fim wuta, har da ƙatuwar ƙofar King Kong, don a ɗauki ƙonewar birnin Atlanta. A daren ne wansa Myron ya gabatar masa da Vivien Leigh, wadda ta zama Scarlett, babbar jarumar fim ɗin. Bayan mako uku da fara aiki ya sallami darakta George Cukor, abokinsa, ya ɗauko Victor Fleming. Kuɗin ya doshi dala miliyan 4.

Fim ɗin ya ci Oscar takwas, amma akwai abin da bai kamata a rufe ba. Ya ƙawata zamanin bauta a kudancin Amurka, ya nuna bayi kamar masu jin daɗin halin da suke ciki. Hattie McDaniel, wadda ta fito a fim ɗin, ta kuma zama baƙar fata ta farko da ta ci Oscar, ba ta halarci bikin buɗe fim ɗin a Atlanta ranar 15 ga Disamba 1939 ba saboda wariyar launin fata, a wajen karɓar kyautar ma gefe aka kai ta ta zauna. Wannan tabo yana nan a jikin fim ɗin, yana nan a tarihin wanda ya shirya shi.

Shekarar da ta biyo ya sake cin kyautar fim mafi kyau da Rebecca, wanda Alfred Hitchcock ya ba da umarni bayan Selznick ya ɗauko shi daga Ingila. Sai nasarar ta jawo nauyin haraji, aka rushe kamfanin. A 1942 ya sayar wa Whitney kasonsa na Gone with the Wind kan kimanin dala 500,000, Whitney kuma ya sayar wa MGM kan sama da dala miliyan 2. Daga nan duk lokacin da aka sake haska fim ɗin a sinima, kuɗin MGM ne. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Sauran shekarunsa sun tafi a ba da hayar jarumai da daraktocinsa ga wasu kamfanoni, da neman fim ɗin da zai kamo ƙafar na 1939. Duel in the Sun na 1946 ya yi kasuwa, A Farewell to Arms na 1957 kuwa, wanda matarsa ta biyu Jennifer Jones ta fito a ciki, shi ne na ƙarshe. Ya rasu ranar 22 ga Yuni 1965, yana da shekara 63.

Selznick ya nuna cewa mutum ɗaya zai iya yin fim ɗin da ya fi na manyan kamfanoni, furodusoshi da dama kuma sun bi sawunsa bayan kotun ƙoli ta raba kamfanonin da gidajen sinimarsu a 1948. Abin da ya kuɓuce masa shi ne mallakar aikin hannunsa. Ted Turner ya sayi taskar finafinan MGM a 1986, yau Gone with the Wind yana hannun Warner Bros.