SHIN HARBI A WUTSIYA YA FI KUSKURE? WAIWAYE KAN TARIHIN KWARI DA BAKA

A wannan fitowa mun ga ya dace mu ɗan ajiye maganar kasuwa da ta kuɗin ƙungiya, mu waiwayi wata sana'a ta kakanninmu wadda take neman ɓacewa, wato farauta da kwari da baka.

Abin da ya jawo maganar kuwa wata gardama ce da ta ɓarke a rumfarmu da ranin da ya wuce. Wani matashi ya kawo gada yana neman mai saye. Da aka tambaye shi wa ya yanka, sai ya ce ai tun jiya da la'asar ya hango ta daga nesa ya sakar mata kibiya mai dafi, ta same ta a cinya, ta shige kurmi, sai da gari ya waye ya tsince ta a mace. Wasu suka ce nama nama ne, wasu suka ce mushe ne. Shi kuwa yaron ya kare kansa da karin maganar nan da kowa ya sani, wai harbi a wutsiya ya fi kuskure. To, a ciniki dai mun yarda riba kaɗan ta fi babu. Amma idan muka bi tarihin maharban asali, za mu ga a wajensu kuskure ya fi harbi a wutsiya nesa ba kusa ba, kuma kusan dukan dabarunsu na rage tazara ne tsakaninsu da nama kafin su saki tsirkiya.

MAHARBI A TARIHINMU

Maharbi ba ƙaramin mutum ba ne a ƙasar Hausa. Garuruwa da dama idan ka tambayi asalinsu za a ce maka wani maharbi ne ya fara sare dajin ya kafa bukka. Tarihin Kano ya nuna Barbushe, wanda ya shugabanci mutanen Dala kafin zuwan Bagauda, gawurtaccen mafarauci ne. Har yau a masarautu da yawa akwai sarautar Sarkin Baka da ta Sarkin Dawa.

Wannan yanki da muke zaune, tsakanin Keffi da Abuja, daji ne na gaske a da. Wajen shekarar 1800 Abdu Zanga ya kafa Keffi. Da jihadi ya ci Zariya, Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya yo kudu da jama'arsa, kuma a 1828 ƙanensa Abu Ja ya kafa garin Abuja, wanda yau muke kira Suleja. Fatake da 'yan koli da maharba suka yi ta bin waɗannan hanyoyi, suka tarar da masu ƙasa, Gbagyi da Gade da Yeskwa da Gwandara, su ma gwanaye ne wajen riƙe baka. A lokacin dajin cike yake da gada da mazo da mariya da gwanki da ɓauna. Ke nan rashin nama bai taɓa zama dalilin da ya sa magabata suke tsantseni wajen harbi ba. Dalilin yana cikin kayan aikinsu da kuma addininsu.

KAYAN AIKI DA IYAKARSU

Bakan Bahaushe itace ɗaya ne da aka tanƙwara, tsirkiyarsa ta fata ce da aka murɗa. Kibiya kuwa kyauro ne mara nauyi, maƙeri ya ƙera mata kai na ƙarfe mai kunnuwa don kada ta zare idan ta shiga. Ba a sa mata gashin tsuntsu a gindi kamar ta Turawa, shi ya sa idan tafiya ta yi tsawo sai ta soma karkata, iska kaɗan ta kauce da ita, ƙarfinta kuma ya ragu.

Abin da ke cike wannan gurbi shi ne dafi. Uwar dafin ita ce 'ya'yan kwankwani, a daka, a dafa har ya yi kauri, wasu su haɗa da ƙaron tinya da sauran abubuwan da kowane gida ke ɓoye sirrinsu, sannan a shafa a wuyan kibiya. Aikinsa shi ne tsayar da bugun zuciya. Ko likitocin Turai a ƙarni na 19 sun tace maganin ciwon zuciya daga dangin wannan tsiro. Idan an kama naman sai a yanke wurin da kibiya ta shiga a jefar.

Wani zai ce to tun da dafi ne ke kisa, ai ko daga ina aka harba daidai ne. A nan ne kuskuren yake. Dafi yana bukatar lokaci, kuma saurin aikinsa ya danganta da inda kibiya ta shiga da zurfin shigarta. Wadda ta shiga bayan kafaɗa daga kusa, dabba ba ta yin nisa. Wadda ta faɗo a gajiye ta maƙale a cinya ko a gindi, dabba za ta yi ta gudu da ita, ta tsallake rafi, ta shige sarƙaƙiya, ta mutu inda ba wanda zai gan ta sai ungulu da kura.

HARBIN YAƘI DABAN, HARBIN DAWA DABAN

Magabata sun san harbi daga nesa, amma a fagen fama suke yin sa. A yaƙin Tabkin Kwatto na 1804 jama'ar Shehu Usmanu ba su da dawaki sai 'yan kaɗan, 'yan baka ne suka tsaya wa barade na Sarkin Gobir Yunfa har aka kore su. A yaƙin Burmi kuma, ranar 27 ga Yuli 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi shahada, kibiya mai dafi ce ta kashe Manjo Marsh, shugaban sojan Turawa. A irin wannan wuri 'yan baka da yawa ne ke sakin ruwan kibau kan taron abokan gaba, wanda ta samu ta samu, domin manufar ita ce a raunana a kuma tarwatsa.

A dawa kuwa manufa ita ce a kawo nama gida halal. Kibiya ɗaya, dabba ɗaya, dama ɗaya. Shi ya sa maharbi yake tafiya da iska a fuskarsa don kada nama ya ji warinsa, yake kwanto a bakin mashaya tun asuba, yake sanɗa a kan gwiwa da hannu. Shi ya sa kuma aka ƙirƙiro dabarar kan burtu, wadda Hausawa da Nufawa suka shahara da ita. Maharbi zai ɗaura siffar kan burtu mai dogon wuya a goshinsa, ya lulluɓe jikinsa da baƙin ƙyalle, ya durƙusa cikin ciyawa yana kaɗa kai kamar tsuntsu na kiwo, har ya shiga tsakiyar garke. Mutumin da ya yarda ya ja ciki rabin yini cikin ƙaya da rana, ai kun san da harbin nesa yana biyan bukata da bai wahalar da kansa haka ba.

Muna yara a shekarun 1980 mun tarar da wani tsohon maharbi Bazazzagi a unguwarmu, Allah Ya jiƙansa. Yakan ce mana in ba ka ga ƙiftawar idon nama ba, to kibiyarka ta zauna a kwari. Sau da yawa yakan dawo hannu rabbana, mata su yi ta yi masa ba'a, shi kuwa ya ce wadda ya bari yau tana nan tana ƙiba, wadda ya raunata kuwa ta kura ce.

ABIN DA LITTATTAFANMU SUKA TANADA

Duk wanda ya zauna a Islamiyya ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid, malamin Ƙairawan na ƙarni na 10, ya san akwai babi a kan yanka da farauta. A ciki an nuna farauta don wasa kawai makaruhi ce, don bukata kuwa halal ce. Maharbi zai ambaci sunan Allah lokacin sakin kibiya. Idan ya tarar da dabbar da rai kuma kibiya ba ta huda makasa ba, dole ya yanka. Idan kuma ta ɓace masa har ta kwana, to ba a ci, ko da yake akwai ƙaulin da ya sassauta idan an sami kibiyar a makasa.

Shehu Halilu, malamin Masar na ƙarni na 14, ya ƙara fayyacewa a Muhtasar. Daga cikin abin da ba a ci akwai wanda aka harba da makami mai dafi ya mutu ba a yanka ba, domin ba a san ko ƙarfe ne ya kashe shi ko dafi ba. Haka wanda maharbi ya yi sakaci wajen bin sa, da wanda ya tarar da rai amma wuƙarsa tana hannun wani ko a ƙasan jaka har ya mutu kafin a zaro. Hadisin Adiyyu ɗan Hatimu ma ya hana cin wanda aka harba ya faɗa ruwa aka same shi a mace, saboda shakkar abin da ya kashe shi.

To jama'a, ku haɗa wannan da kibiyar Bahaushe mai dafi. Ma'anarsa ita ce maharbi Musulmi dole ya cim ma dabbarsa tana numfashi ya sa mata wuƙa. Wanda ya harba daga kusa yana da wannan dama. Wanda ya harba daga nesa ya ba dabbar tazara tun kafin a fara gudu. Daɗin daɗawa, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umurce mu da kyautatawa ko wajen kisa da yanka, ya kuma hana a mai da abu mai rai abin gwajin harbi. Wanda ya saki kibiya don ya gwada sa'a, ba shi da tabbacin inda za ta sauka, bai yi nisa da wannan hani ba.

SU MA TURAWA SUNA WANNAN GARDAMA

Kada mu zaci mu kaɗai ne. A Amurka, inda ake farautar irin barewarsu mai ƙaho mai rassa, jihar Wiskonsin ta ware lokacin farauta da baka tun 1934. A 1969 wani mai suna Allen ya sami takardar mallakar baka mai ƙafafun juyawa, wanda kibiyarsa ke tafiyar wajen mita 90 a sakan ɗaya, ga kuma na'urar auna nisa da suka samu daga baya. Duk da haka har yau suna jayayya kan halaccin harbin nesa, kuma lissafin a fili yake. Ƙara tana tafiyar wajen mita 340 a sakan. Idan barewa tana nisan mita 40, ƙarar tsirkiya za ta riga kibiya isa da kusan sulusin sakan, wanda ya ishe ta ta duƙa ko ta zabura. Makasarta kuwa, wato huhu da zuciya, ba ta wuce faɗin ƙaramin faifai ba. Taku ɗaya ya isa kibiyar da aka auna ƙirji ta sauka a ciki. Shi ya sa gogaggunsu suke cewa iya harbin allo daga nesa daban, harbin abu mai rai daban. A Ingila ma doka ta hana farauta da baka gaba ɗaya. In masu irin wannan baka suna tsoron nisa, ina ga mai kyauro?

INDA MUKE YAU

Dajin da kakanninmu suka tarar ya ƙare. Tun 1956 aka keɓe Yankari don tsare namun daji, a 1963 gwamnatin Jihar Arewa ta kafa dokar kare su. Da aka tsai da Abuja babban birni a 1976, aka kuma tare a 1991, sai gidaje suka cinye dawa daga Mararaba zuwa Masaka, ga su nan suna matsowa gare mu. Ɗan abin da ya rage gada ce da zomo da gafiya, su ma sun firgita ba sa bari a matso. Wannan ne ke sa yaranmu harbi daga nesa, da baka ko da bindigar toka, kuma a nan ne fitina take. Dabbar da aka raunata takan faɗi a gonar wani, sai rigima ta tashi kan wa ke da nama. Abin da kuma ka hango yana motsi cikin ciyawa daga nesa yana iya zama akuyar wani, ko matar da ke ɗiban itace. Mu fa baƙi ne, zaman amana muke yi da masu ƙasa, kuma kibiya ɗaya da ta kauce tana iya rushe zumuncin da iyayenmu suka daɗe suna ginawa.

Ita dai gadar nan da muka fara da ita, an kai magana gaban liman, ya tambayi inda kibiya ta shiga, da ko akwai dafi, da ko ta kwana. Da ya ji amsa ya ce a binne. Yaron ya yi asarar yininsa da kibiyarsa, dajin ya yi asarar gada, ba wanda ya ci.

Saboda haka muna kira ga 'yan'uwanmu masu sayen naman daji da masu banda, su riƙa tambaya kafin su biya: wa ya harba, ya same ta da rai, wa ya yanka? Idan masu saye suka daina karɓar mushe, masu harbin gangan za su daina. Iyaye kuma su ja kunnen samari, wanda ba zai iya sanɗa ba ya haƙura da farauta. Dattawan da suka san wani abu game da maharban wannan yanki, muna roƙon su kawo wa sakataren ƙungiya don a rubuta kafin ya ɓace.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ciyar da mu halal, Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu. Amin.