Wane Ne "Marar Aiki" a Dokar Amurka?

Kuɗin da ake biyan wanda aikinsa ya ƙare a Amurka, inshorar rashin aiki ake ce masa, kuma sunan ya dace da shi. An kafa tsarin a 1935, zamanin Shugaba Roosevelt. Mai ɗaukar ma'aikata ne ke zuba harajinsa, sai a jihohi uku, ciki har da Alaska, inda ma'aikaci ma ke sa nasa. Shi ya sa ba a tambayar mai nema ko talaka ne. Inda ya yi aiki ake tambaya, da abin da aka biya shi, da dalilin rabuwa.

"Marar aiki" kuwa a bakin doka shi ne wanda ya rasa aiki ba da laifinsa ba, yana da ƙarfin yin wani, kuma yana nema. Dattijo mai cin fansho yana iya shiga wannan sahu, muddin bai ajiye aiki gaba ɗaya ba. Amma dokar tarayya ta 1976, wadda aka sassauta a 1980, ta ce a rage masa kuɗin inshorar idan fanshon ya fito daga wurin da ya yi wa aiki a "lokacin tushe". Wannan lokaci, a yawancin jihohi, shi ne rubu'i huɗu na farko cikin rubu'i biyar na shekara da suka cika kafin neman. Fanshon tsohon wurin aiki da aka bari tun da daɗewa ba ya cikin abin da tarayya ta wajabta a cire. Jiha kuma tana da damar duba abin da ma'aikacin ya zuba da guminsa, ta rage cirewar. A ganina hakan ne adalci, domin kuɗin da mutum ya tara daga albashinsa bai kamata ya zame masa hasara ba.

Idan aka ƙetare iyakar jiha sai sunaye biyu su shigo: jiha mai alhakin biya, wato inda aka yi aikin, da jiha wakiliya, inda mai nema yake zaune yanzu. Dokar jiha ta farko ke aiki. Wanda ya yi aiki a Niyu Yok ya koma Fulorida, makonni 26 na Niyu Yok yake bi, maimakon 12 da Fulorida ta saba bayarwa. Wanda ya yi aiki a jihohi biyu kuwa yana iya haɗa albashinsa ya nema a ɗaya daga cikinsu.