Tsibirin Lewis: Tashar lantarkin iska da manoma suka ƙi, da abin da ya biyo baya

Lewis ɓangaren arewa ne na babban tsibirin da ke cikin rukunin Outer Hebrides, a Arewa maso Yammacin Sikotland ta ƙasar Birtaniya. Mazaunansa ba su kai 20,000 ba, kuma da yawansu har gobe suna magana da harshen Gelik. Iskar Tekun Atlantika tana kaɗawa a can kusan duk shekara. Wannan ne ya sa a shekarar 2004 kamfanin Lewis Wind Power, wanda a lokacin haɗin gwiwa ne tsakanin AMEC da British Energy, ya nemi izinin kafa fankokin samar da lantarki guda 234 a arewacin tsibirin.

A ƙarshen 2006 kamfanin ya rage yawansu zuwa 181, masu ba da wutar da ta kai kimanin megawat 650, wato ninkin tashar iska ta Lambar Rimi da ke Jihar Katsina sau 65. Tsayin kowace fanka zuwa ƙarshen fiffikenta mita 140 ne. Aikin ya ƙunshi hanyoyin mota na kimanin mil 88 da turakun wuta 137 da wuraren fasa dutse biyar, kuma an ƙiyasta zai ci fam miliyan 500.

Ƙasar da ake magana a kanta

Ba a gane wannan rikici sai an san yadda ake riƙe ƙasa a Lewis. Yawancin mutanen ƙauye manoman haya ne: kowane gida yana da 'yar gona da yake biya wa kuɗin haya kaɗan, da kuma rabo a hurumin gari inda ake kiwon tumaki da shanu. Dokar 1886 ce ta ba su tabbacin zama da ikon barin gonar ga magada. Kafin ta, masu ƙasa sun riƙa tayar da ƙauyuka don su yi kiwon tumaki da farautar barewa. A zamanin Sir James Matheson, wanda ya sayi tsibirin a 1844, an kwashi mutane da yawa a jiragen ruwa zuwa Kanada.

Lord Leverhulme, attajirin sabulu, ya sayi Lewis a 1918. Shi ne dai wanda kamfaninsa ya sayi Niger Company a 1920, wanda daga bisani ya shiga cikin UAC da 'yan Najeriya suka sani. Da shirye-shiryensa na tsibirin suka rushe, sai a 1923 ya ba mutanen Stornoway ƙasar yankinsu kyauta, aka kafa hukumar amintattu ta Stornoway Trust don kula da ita. Saboda wannan tarihi, duk baƙon da ya zo da taswira da alƙawarin arziki, ana yi masa kallon tsanaki.

Filin da aka zaɓa fadama ce mai faɗi, wadda ruɓaɓɓun tsirrai suka taru a cikinta tsawon dubban shekaru suka zama baƙar ƙasa mai laushi. Kaurin wannan gawayin fadama yana ƙaruwa da kimanin milimita ɗaya ne kacal a shekara. Mutanen ƙauye kan yanko shi da bazara, su shanya, su yi makamashi da shi lokacin sanyi, kuma kowane gida ya san layin da kakanninsa suke yanka. Masana kuma sun nuna cewa irin wannan ƙasa rumbun kabon ce: idan aka haƙe ta ko aka tsane ruwanta, sai ta saki iskar da ke ɗumama duniya, abin da tun farko aka ce fankokin za su rage.

Masu so da masu ƙi

Majalisar Ƙaramar Hukumar Tsibiran Yamma ta goyi bayan aikin, ta kuma jaddada matsayinta a watan Fabrairun 2007. Hukumar Stornoway Trust ma tana tare da kamfanin. Hujjarsu ba ƙarama ba ce. Matasa suna barin tsibirin zuwa Glasgow da Aberdeen neman aiki, makarantun ƙauye suna rufewa, masana'antar ƙira ta Arnish tana ta faɗi-tashi. An yi alƙawarin ayyukan yi kusan 400 a lokacin gini, da kuɗin haya ga masu ƙasa da manoma, da asusun raya ƙauyuka. Bayan haka, aiki mai girma irin wannan ne kaɗai zai sa a shimfiɗa babbar wayar ƙarƙashin teku da za ta kai wutar tsibirin kasuwa.

Amma a ƙauyukan da fankokin za su tsaya a bayan gidajensu, daga Barvas zuwa Ness, akasarin jama'a sun ce a kai kasuwa. Sun kafa ƙungiya mai suna Moorland Without Turbines, ma'ana fadama ba tare da fankoki ba. Kukansu ya shafi hurumin kiwo da wuraren yankan makamashi da ƙarar injuna da manyan motoci, amma abin da ya fi ci musu tuwo a ƙwarya shi ne an ƙulla yarjejeniya da masu ƙasa kafin a nemi jin ta bakinsu. Ƙungiyar kare tsuntsaye ta RSPB ta shiga sahunsu, domin yawancin fankokin za su faɗa ne cikin yankin da dokar Tarayyar Turai ta keɓe wa gaggafa da wasu tsuntsayen ruwa da ke yin sheƙa a fadamar.

Ranar 21 ga Afrilun 2008, Ministan Makamashi na Sikotland, Jim Mather, ya ƙi ba da izinin. Gwamnati ta karɓi takardun ƙin amincewa kusan 11,000, na goyon baya kuwa 98. Sai dai dalilin da aka dogara da shi a hukunce shi ne kariyar da doka ta ba tsuntsayen. A taƙaice, tsuntsu ne ya ci wa manomi shari'a.

Fankokin jama'a

Abin lura shi ne mutanen da suka yaƙi aikin ba su juya wa iska baya ba. Ana tsakiyar rikicin, a watan Janairun 2007, mazauna ƙauyuka 22 na yankin Galson suka haɗa kai suka sayi ƙasarsu mai faɗin eka 56,000, bayan Dokar Gyaran Mallakar Ƙasa ta 2003 ta ƙarfafa hannun manoman haya wajen ciniki da masu ƙasa. Daga baya sun kafa nasu fankoki uku.

A 2015 hukumar Point and Sandwick Trust ta fara samar da wuta daga fankoki uku masu megawat 9 a Beinn Ghrideag, kusa da Stornoway, dukkansu mallakar jama'a. Lissafin a nan yana da ban sha'awa. Ƙa'idar da gwamnatin Sikotland ta shawarci kamfanoni su bi ita ce su ba al'umma fam 5,000 a kan kowane megawat a shekara, wato fam 45,000 ke nan ga tasha mai wannan girma. Hukumar kuwa ta ce ribar da takan samu a shekara tana kaiwa kusan fam 900,000, wadda ake kashewa a kan gidan jinyar marasa lafiya na Bethesda da dashen itatuwa da tallafin kuɗin wuta, a yankin da ke sahun gaba a Sikotland wajen yawan gidajen da ɗumama ɗaki ke gagararsu.

Mallaka kuma tana zuwa da nata haɗarin. A watan Oktoban 2020 wayar teku da ke haɗa Skye da Harris ta lalace, tashoshin jama'a suka shafe watanni ba su iya sayar da wutarsu waje ba.

Inda aka kwana

Lewis Wind Power bai bar tsibirin ba. Ya dawo da ƙaramin shiri a ƙasar Stornoway Trust, yamma da garin, aka amince masa da fankoki 36 a 2012, daga baya aka sake tsarin zuwa 33 masu tsayin da ya kai mita 180. Yanzu kamfanin yana hannun EDF na Faransa da ESB na Ailan, kuma an ba Stornoway Trust damar sayen hannun jarin da ya kai kashi 20 cikin 100.

Wasu ƙauyuka huɗu, ciki har da Aignish da Melbost, sun nemi izinin kafa fankokin kansu a hurumin kiwonsu da ke cikin filin da aka ba kamfanin haya. Hukumar Kula da Manoman Haya ta ƙi amincewa. Wannan karon takaddamar ta zama tsakanin manoma da hukumar amintattun da jama'ar yankin ne da kansu suke zaɓen shugabanninta.

Duk waɗannan shirye-shirye sun rataya ne a kan babbar wayar teku. A ƙarshen 2022 hukumar kula da makamashi ta Birtaniya, Ofgem, ta amince da buƙatar shimfiɗa waya mai ɗaukar megawat 1,800 daga Lewis zuwa yankin Beauly, kuma kamfanin SSEN Transmission ya tsara kammala ta a 2030.