Gayya da Tunawa da Mamatan Yaƙi a Birnin Zazzau

A tsohon birnin Zazzau ba a saba kafa dutse mai sunayen waɗanda suka kwanta dama a fagen fama ba, domin tarbiyyar Musulunci ta fi karkata ga sadaka mai gudana, wato alherin da ladarsa ke ci gaba da riskar mamaci. Irin wannan alheri kuwa yakan zo ta hanyar gayya, aikin da 'yan unguwa ke taruwa su yi ba biya, kamar nome ciyawar maƙabarta bayan damina ko yaɓen katangar masallaci. Faretin tunawa na ranar 15 ga Janairu, ranar da yaƙin basasa ya ƙare a 1970, al'adar soja ce, kuma barikin horar da kuratan da Turawa suka kafa a Zariya a 1924 ma a wajen ganuwa yake.