Waiwaye adon tafiya: tarihin ayarin tsofaffin motoci daga Landan zuwa Brighton

Gabatarwa

A ranar Lahadi ta farko ta watan Nuwamba, tun gari bai gama wayewa ba, ɗaruruwan motoci kan taru a filin shaƙatawa na Hyde Park da ke tsakiyar birnin Landan, a ƙasar Ingila. Babu ɗaya daga cikinsu da aka ƙera bayan shekarar 1904. Da fitowar rana sai su kama hanya rukuni-rukuni, wasu na tari wasu na huci, su nufi garin Brighton da ke bakin teku, tafiyar kimanin kilomita 97. Motar zamani kan cinye wannan tazara cikin awa biyu, amma da yawa daga cikin waɗannan dattawa sai wajen la'asar suke isa.

Mai karatu na iya ɗaukar abin a matsayin wasan masu hannu da shuni, kuma akwai ƙamshin gaskiya a wannan zato, domin a yau motocin sun yi tsada ƙwarai. Sai dai tarihin wannan fita ya ƙunshi darasi ga malamai da ƙungiyoyin raya al'adu. Tarihi ne na wasu ƴan tsirarun mutane da suka ceto kayan da kowa yake wa kallon tarkace, suka kuma gane cewa mota ba ta rayuwa a ajiye, sai an tashe ta an hau.

Zamanin jar tuta

Domin a fahimci mafarin wannan al'ada, dole a koma shekarar 1865. A wannan shekara majalisar dokokin Ingila ta kafa doka a kan manyan injunan tururi masu jan kaya, waɗanda suke firgita dawaki, suna kuma lalata hanyoyi. Dokar ta ƙayyade gudunsu da mil 4 a awa, wato kimanin kilomita 6, a karkara, da rabin haka a cikin gari. Bugu da ƙari, ta wajabta mutum uku su kula da kowane inji, ɗayansu yana tafe a ƙasa, kimanin mita 55 a gaba, riƙe da jar tuta don gargaɗin jama'a. A 1878 an sassauta batun tutar, amma mai tafiya a gaba yana nan, ƙa'idar gudu ma ba ta canza ba.

Sa'ad da ƙananan motoci masu amfani da man fetur suka fara shigowa daga Jamus da Faransa, sai wannan tsohuwar doka ta hau kansu. A watan Janairu na 1896 wani ɗan sanda a kan keke ya bi wani mutum mai suna Walter Arnold a gundumar Kent, ya kama shi yana gudun mil 8 a awa, kimanin kilomita 13. Kotu ta ci shi tarar sule ɗaya da kuɗin shari'a. A daidai wannan lokaci Faransa ta riga ta yi nisa: tun a 1895 an yi tseren mota daga Paris zuwa Bordeaux da dawowa. Masu sha'awar mota a Ingila suka matsa lamba, har aka kafa sabuwar doka wadda ta fitar da ƙananan motoci daga rukunin injunan tururi, ta soke mai tafiya a gaba, ta kuma ɗaga iyakar gudu zuwa mil 14 a awa, ko da yake hukuma ta rage shi zuwa 12 wajen aiwatarwa.

Fitar farko

Sabuwar dokar ta fara aiki ranar Asabar, 14 ga Nuwamba, 1896. A ranar ce wani ɗan kasuwa, Harry Lawson, da ƙungiyarsa ta masu mota suka shirya tafiyar murna daga Landan zuwa Brighton, wadda aka yi wa laƙabi da tafiyar samun ƴanci. Kafin a tashi, wani basarake, Lord Winchilsea, ya yayyaga jar tuta a gaban mahalarta. Motoci 33 suka kama hanya cikin ruwan sama da taɓo, jama'a kuwa sun yi cincirindo har da ƙyar ake wucewa. Kimanin rabinsu ne suka isa. Ƙananan motoci masu ƙafa uku na Bafaranshe Léon Bollée na cikin na gaba-gaba, kuma an daɗe ana raɗe-raɗin cewa wasu motocin a jirgin ƙasa aka loda su suka ƙarasa tafiyar. Walter Arnold, wanda aka ci tara watanni goma da suka wuce, yana cikin ayarin.

Ya kamata a lura cewa babu wanda yake tunanin tarihi a wannan rana. Motocin sabbi ne fil, Lawson kuma kasuwarsa yake tallatawa. A 1904 ma kotu ta ɗaure shi shekara ɗaya saboda zamba a wata harkar hannun jari. Fitar 1896 bikin sabon abu ce. Sai bayan shekaru talatin ta rikiɗe ta zama bikin tsohon abu.

Tsakanin amfani da daraja

Ƙirar mota ta ci gaba da sauri a farkon ƙarni na ashirin, ta yadda motar 1900 ta zama abar kunya kafin 1914. Wasu an sayar da su ga masu narka ƙarfe, wasu an cire injinsu ana jan ruwa ko yankan katako da shi a gonaki, wasu kuma an yashe su a rumfunan dabbobi. Kowane kayan aiki yakan ratsa irin wannan lokaci mai haɗari: ya daina amfani, amma bai tsufa ba har a ga darajarsa. Mafi yawan abin da al'umma ke rasawa a wannan tsakani yake salwanta.

An yi yunƙurin farko na ceto su a 1912, sa'ad da Edmund Dangerfield, mai mujallar The Motor, ya buɗe gidan adana tsofaffin motoci a titin Oxford na Landan. Daga baya aka mayar da kayan zuwa Crystal Palace. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a 1914, aka bukaci wurin don wani aiki, sai tarin ya watse. Wasu motocin sun koma ga masu su, wasu sun shiga wasu gidajen tarihi, wasu kuwa sun lalace. Gidan ya dogara ne da gini ɗaya da himmar mutum ɗaya, shi ya sa bai jure girgizar farko ba.

A 1927 jaridun Daily Sketch da Sunday Graphic suka farfaɗo da tafiyar Brighton, suka gayyaci motocin da suka kai shekaru 21. Amma sunan da ya bi taron shi ne tseren akwala, ƴan kallo kuma dariya ta fi kawo su. Wannan raini ya dami wasu daga cikin mahalarta.

Kafuwar ƙungiya

A watan Nuwamba na 1930, bayan kammala tafiyar shekarar, mutum uku suka zauna a otal ɗin Old Ship da ke Brighton: Sammy Davis, ɗan jarida kuma direban tsere wanda ya lashe gasar awa 24 ta Le Mans a 1927, da Jackie Masters, da Kyaftin John Wylie. A nan suka kafa Veteran Car Club, ƙungiyar da ake ɗauka ita ce ta farko a duniya da aka kafa don adana tsofaffin motoci. Daga wannan shekara kuma babbar ƙungiyar masu mota ta ƙasar, Royal Automobile Club, ta karɓi ragamar shirya tafiyar.

Aikin ƙungiyar bai tsaya ga fitar shekara-shekara ba. Mambobinta sun yi ta bin ƙauyuka da gonaki suna neman motocin da aka yasar, kuma a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da ake tattara ƙarafa don masana'antun makamai, sun yi ƙoƙarin kuɓutar da abin da za su iya. Mafi muhimmanci shi ne aikin tantance shekaru. Tun da sharaɗin shiga ayarin shi ne a ƙera mota kafin 1 ga Janairu, 1905, dole a samu hujja. Ƙungiyar ta kafa kwamiti da ke duba lambar inji da ta gangar jiki, yana gwama su da littattafan masana'antu, da tallace-tallacen tsofaffin jaridu, da rajistar hukuma, wadda ta fara aiki a Ingila a farkon 1904. Sai an gamsu ake ba mota takardar shaida. Ta haka masu sha'awa suka zama masu binciken tarihi, suka tara takardun da ɗalibai da marubuta ke amfana da su.

Yadda ranar take gudana

Tun daga 1927 tafiyar ba ta yanke ba sai a shekarun Yaƙin Duniya na Biyu, da 1947 saboda ƙarancin man fetur, da 2020 saboda annobar korona. Kowace shekara, kafin a tashi, akan yayyaga jar tuta don tunawa da 1896. Motocin da suka fi tsufa su ake fara saki, domin su suka fi bukatar lokaci. Ayarin kan ƙetare kogin Thames, ya ratsa unguwannin kudancin Landan, ya yada zango a garin Crawley, sa'an nan ya tunkari tuddan yankin Sussex. A nan ake gane ƙarfin kowa. Mota mai silinda ɗaya, wadda ƙarfinta bai wuce na dawaki huɗu ko shida ba, takan gaza a hawa, sai fasinjoji su sauka su tura, ƴan sa-kai da ƴan kallo su kama musu.

Yawancin motocin ba su da rufi ko gilashin gaba, ga sanyin Nuwamba da yayyafi. Wasu da sanda ake juya su maimakon sitiyari, wasu da sarƙa suke tafiya kamar keke. Akwai masu aiki da man fetur, akwai masu tururi, akwai kuma masu lantarki, abin da ke tuna mana cewa a 1900 ba a san wanne daga cikin ukun zai yi rinjaye ba. Ɗaya daga cikin waɗanda suka saba halarta ita ce Salvesen ta 1896, wadda mutum ke tsaye a bayanta yana zuba gawayin kwal a murhu. Wanda ya gan ta zai gane dalilin da ya sa Faransawa suke kiran direba chauffeur, wato mai hura wuta. Sunayen Faransa ne ma suka fi yawa a ayarin: De Dion-Bouton, Panhard et Levassor, Renault, Darracq da Peugeot, domin a wancan zamani Faransa ce kan gaba a duniya wajen ƙera motoci.

Masu shirya taron suna nanata cewa ba tsere ake yi ba. Ba a yarda matsakaicin gudu ya wuce mil 20 a awa ba, kimanin kilomita 32, kuma babu kyautar na ɗaya. Duk wanda ya isa titin Madeira Drive da ke bakin teku kafin ƙarfe huɗu da rabi na yamma zai karɓi lambar yabo iri ɗaya da ta kowa. Da ma Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

Yaɗuwar al'adar

Fim ɗin barkwanci mai suna Genevieve, wanda ya fito a 1953, ya ba da labarin abokai biyu da suka shiga wannan tafiya. Karɓuwar da ya samu ta sauya yadda jama'a ke kallon tsofaffin motoci, ta kuma ɗaga farashinsu. Motar Darracq ta 1904 da ta fito a fim ɗin tana gidan tarihi na Louwman a ƙasar Holan, kuma an sha dawo da ita ta bi ayarin.

Kafin haka ma wasu ƙungiyoyi sun bi sawu: Vintage Sports-Car Club a Ingila a 1934, da Antique Automobile Club of America a Amurka a 1935. A 1966 aka kafa tarayyar duniya ta irin waɗannan ƙungiyoyi, FIVA, shekara guda bayan haka kuma aka kafa ta Faransa, FFVE. A ƙarƙashinsu akwai ƙananan ƙungiyoyin garuruwa masu yawan gaske, waɗanda ke haɗuwa a ƙarshen mako, su yi musayar kayan gyara, su fita yawon ƙauyuka. A 2012 FIVA ta amince da Yarjejeniyar Turin, wadda ta yi koyi da Yarjejeniyar Venis ta 1964 kan gyaran gine-ginen tarihi. Manufarta ita ce a kiyaye asalin mota, a rubuta duk gyaran da aka yi mata, a kuma ci gaba da hawanta a kan hanya, domin sanin yadda ake tashinta da gyaranta wani ɓangare ne na gadon.

Kammalawa

A ma'aunin FIVA, motar tarihi ita ce wadda ta kai shekaru 30, aka kiyaye ta a kan siffarta ta asali, kuma ba da ita ake zirga-zirgar yau da kullum ba. Idan muka ɗora wannan ma'auni a kan hanyoyinmu, za mu ga abin lura. Peugeot 404 ta fito a 1960, 504 kuma a 1968. Da yawa sun shigo Nijar ta hamada a shekarun 1970 da 1980, ta Tamanrasset da Arlit da Agadas, wasu kuma an harhaɗa su a masana'antar Kaduna da ta fara aiki a 1975. Su suka yi ta jigilar fasinja da kayan kasuwa tsakanin Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai. A shekaru sun cika sharaɗi tuntuni. Waɗanda suka rage kuwa suna cikin wannan tsakani mai haɗari da motocin Ingila suka ratsa kafin 1930: sun fara barin aiki, ba a fara ganin darajarsu ba, masu sayen tsohon ƙarfe kuma ba sa jira.

Waɗanda suka zauna a otal ɗin Brighton ba su fara da kuɗi ko gini ba. Sun fara da rajista, da ranar haɗuwa, da ƙa'idar tabbatar da gaskiyar abin da aka ce game da kowace mota. Ƙungiyar al'adu ko ajin tarihi na iya yin kwatankwacin haka: a rubuta lambar mota da shekararta da hannayen da ta ratsa, a ɗauki hotonta, a naɗi muryar tsohon direba da bakanike yana bayanin hanyoyin da ya bi da dabarun da ya ƙirƙiro sa'ad da kayan gyara suka yanke. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai idan an samu wanda ya adana ta.