Mashayi a Wasan Hausa: Daga Bakin Titi Zuwa Tsakar Gida



Akwai wani nau'in fim da masu shirya finafinai na ƙashin kansu a Amurka da Turai suka daɗe suna yi, wato waɗanda ba su jingina da manyan kamfanoni ba. Sai a ɗauki gida guda mai ɗan shaye-shaye a cikinsa, a ba da labarinsu yadda mai kallo zai yi ta dariya, can kuma ya ji dariyar ta maƙale masa a wuya. Mu da muke da barkwanci tun kafin a kawo kyamara, kuma shaye-shaye ya shigo mana har ɗakunan iyayenmu, me ya sa ba kasafai muke haɗa biyun a labari ɗaya ba? Ina ganin amsar tana cikin tarihin yadda muka riƙa nuna mashayi.

Bahaushe bai taɓa raba dariya da gyaran hali ba. Duk wanda ya tashi a Kurfi ko Dutsin-Ma ya san tashe: goma ga azumi ta wuce, yara su bi gida-gida da Jatau mai magani da Tsoho da gemu, a yi wa gwauro tsiya. Sai dai ku lura, wanda ake wa tsiyar kullum na waje ne. Masu gida suna tsaye a ƙofa suna dariya, su ba da sadaka, a wuce. Ba wanda ake nuna wa aibin ɗakinsa. Wannan tsayuwa ta bakin ƙofa ita muka gada, kuma ita ta bi mu har cikin fim.

Da aka zo zamanin boko, mashayi ya shiga adabi ta ƙofa biyu. Mu'azu Haɗeja, a shekarun 1950, ya yi waƙa sukutum a kan giya, waƙar gargaɗi da tsoratarwa. Shi kuwa Mamman Shata, mutumin Musawa nan kusa da mu, ya yi wa mashaya tasu waƙar ta nishaɗi, wadda har ya rasu a 1999 ba a daina gardama a kanta ba. Ɗaya ya yi faɗa, ɗaya ya yi raha. A duka biyun mashayin babban mutum ne mai albashi ko ɗan kasuwa, abin da yake sha giya ce ko burkutu, wurin shan kuma sananne ne, can nesa da gida.

Wanda ya bi shi ya ga abin da yake yi idan ya dawo gida shi ne Mohammed Sada, a wasan kwaikwayonsa Uwar Gulma na ƙarshen shekarun 1960, wanda da yawanmu muka karanta a sakandare. Can ne muka ga Hayatu da matarsa Halima, muka ga yadda halin miji mashayi yake jan mata da iyayenta cikin rigima. A ganina wannan littafin ne ya fi kusa da abin da muke nema, domin ya gane cewa mai shan shi kaɗai ne, amma masu jin jiki gida ne gaba ɗaya. Duk da haka, Hayatu mugu ne kawai. Ba a ba mu dalilin da zai sa mu so shi ba, kuma in ba ka son mutum, lalacewarsa ba za ta yi maka ciwo ba.

Zamanin talabijin ya ba mu gwanayen barkwanci irin su Ƙasimu Yero da Samanja da Karkuzu, da namu na Katsina, Umaru Ɗanjuma Kasagi. Tashoshin gwamnati ne, aikinsu faɗakarwa, don haka mai mugun hali dole ya ji kunya kafin a rufe shiri.

Fim na ƙashin kai ya fara mana ne a 1990, lokacin da ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya a kaset ɗin bidiyo. Ba gwamnati, ba babban kamfani, kuɗin aljihu ne da na 'yan kasuwa. Kafin shekara goma har an raɗa wa harkar suna Kannywood. To a nan ne aka yi rabon da har yau bai gama warwarewa ba. Kasuwa ta kasa finafinai gida biyu: santimental, wato na soyayya da hawaye da waƙa, da kuma camama, na ban dariya, wanda marigayi Rabilu Musa Ibro ya riƙe kambunsa har rasuwarsa a Disambar 2014. Kowane gida da 'yan wasansa, da farashinsa, da masu sayensa. Sai ɗan ƙwaya ya rabu biyu shi ma. A camama ga shi nan da jajayen idanu da jan magana, yana tangaɗi, yana faɗawa kwata, ba shi da uwa ba shi da uba. A santimental kuwa ɗan Alhaji ne da abokai suka lalata, uwa na kuka daga farko har ƙarshe, sai ya haukace ko ya mutu ko malam ya zo ya yi nasiha. Na farko ba ya jin ciwo, na biyu ba ya ba da dariya, alhali duk wanda ya zauna da mashayi a gida ɗaya ya san mutum guda ne.

Tacewa ma ta taka tata rawar. An kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a 2001, daga 2007 kuma, zamanin Abubakar Rabo, aka tsananta, har Ibro kansa ya shiga gidan yari a 2008. Furodusan da ya zuba jarinsa ba zai so a ce ya mai da shaye-shaye abin sha'awa ba. Hanya mafi sauƙi ita ce a hukunta mashayin a ƙarshen fim, kowa ya huta. Ban ga laifinsu sosai ba, amma labari ya yi asara.

Ana cikin wannan, abin shan kansa ya canza. A 2000 Kano da Katsina suka bi sahun Zamfara wajen ƙaddamar da Shari'a, giya ta ja baya daga idon jama'a. Abin da ya yaɗu a shekarun da suka biyo baya ba ya wari, ba ya buƙatar mashaya: maganin tari mai kodin, tiramol, roci, ga sholisho ga wiwi da dama suna nan. Kwalbar magani tana shiga jakar amarya, tana kwana ƙarƙashin katifa. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya ce mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da ƙwaya a Nijeriya cikin shekara guda, kuma ɗaya cikin kowane huɗu mace ce.

Fim ɗin da ya fi girgiza ƙasar nan a kan wannan batu ma ba na Kannywood ba ne. Binciken BBC ne kan kodin, wanda aka saki a ƙarshen Afrilun 2018, aka nuna matasa ɗaure da sarƙa a cibiyar gyaran hali ta Ɗorayi a Kano. Washegari gwamnatin tarayya ta hana shigowa da haɗa maganin tari mai kodin. 'Yar jaridar da ta gabatar da shi, Ruona Meyer, ta faɗa a fili cewa ƙaninta ya faɗa wannan tarko, kuma ina ganin shi ya ba aikin nauyi: daga cikin gida ta yi magana. Bayan shekara guda da 'yan watanni, a Satumba da Oktoban 2019, 'yan sanda suka fasa gidajen mari a Rigasa da Daura da cikin birnin Katsina. Da yawa daga waɗanda aka samu a ɗaure, iyayensu ne suka kai su da hannunsu, har suna biya. Ku tsaya ku yi tunanin zaman da aka yi a tsakar gida daren da aka yanke wannan shawara: wa ya kawo ta, wa ya yi shiru, wa ya sayar da akuya aka biya kuɗin mota.

Shirye-shirye masu dogon zango sun ɗan rage tazarar. Daɗin Kowa na tashar Arewa24 ya sa rigimar Kamaye da Adama da matsalar shaye-shayen matasa a gari ɗaya, ya nuna masu kallo za su iya ɗaukar dariya da ɓacin rai a zama guda. Amma gari ɗaya daban, ɗaki ɗaya daban.

Ga yadda wasu suka yi a ɗaki ɗaya. A fim ɗin Rachel Getting Married na Jonathan Demme, 2008, wata budurwa ta fito daga gidan gyaran hali don bikin 'yar uwarta. Ana tsakiyar hidima, uban amarya da ango suka shiga gasar wa ya fi iya jera kwanuka a injin wanki, dangi na ihu ana shewa. Sai hannun uban ya faɗa kan farantin ƙaramin ɗansa, wanda ya mutu a motar da ita wannan budurwar take tuƙawa a buge. Ba wanda ya yi jawabi. Ɗakin ya yi tsit, uban ya fice. Dariyar da aka sa mu yi minti ɗaya da ya wuce ita ta sa farantin ya yi nauyi.

Mu kuwa muna da kayan aikin da Demme ba shi da su: wasan kaka da jika, da na taubasai, da na ƙanin miji da matar wa. Waɗannan su ne mutanen da al'ada ta ba lasisin faɗin abin da uba ba zai iya furtawa ba saboda kunya. Ɗauki kaka tana zaune tana kaɗi, jikanta ya shigo yana layi, ta ce, "Maigida, yau kuma wane jirgin ka hawo?" Kowa ya yi dariya, har shi. Uwarsa na bakin murhu, ɗan fari ne, ko sunansa ba ta faɗa, ta san kuɗin adashin da ta ɓoye a buhun gero ne ya zama jirgin. Wuri na huɗu ke nan da ta canza wa kuɗin a wata guda, kuma gobe da safe kakar ce za ta kwance bakin zaninta ta ba shi na koko.

Batun jari kuma, Trey Edward Shults ya ɗauki fim ɗinsa Krisha a gidan iyayensa a Texas cikin kwana tara, da kimanin dala dubu 30. Innarsa ce ta fito a matsayin mashayiyar da ta dawo cikin dangi ranar wani taron cin abinci, mahaifiyarsa da kakarsa duk suna ciki, kuma ya ci babbar kyautar bikin finafinai na SXSW a 2015. Tun da aka buɗe Jami'ar Tarayya a Dutsin-Ma a 2011, ga kuma Kwalejin Isa Kaita, garin bai rasa matasa masu waya mai kyamara da masu son fitowa a wasa ba, tsakar gida kuwa daga nan har Kurfi ba a biyan haya. Abin da Shults ya shiga gidan iyayensa da shi a hannu, kafin kyamara, rubutaccen labari ne.