Warkewar Fatar Salamanda Ba Tare da Tabo Ba: Bahasi Kan Amfaninta ga Jinyar Raunin Ɗan Adam

Tun shekarar 1768, sa'ad da malamin nan na Italiya, Lazzaro Spallanzani, ya wallafa abin da ya gani da idonsa, cewa salamanda, wata 'yar dabba mai siffar ƙadangare amma dangin kwaɗo, takan sake tsiro da ƙafa ko wutsiya idan an yanke mata, masana ba su gushe ba suna neman sababin da ya sa ɗan Adam ba ya samun komai a gurbin rauninsa mai zurfi face tabo. Manufar wannan maƙala ita ce auna hujjojin da aka samo daga nau'in da ake kira aksolotil, wanda asalinsa tafkin Xochimilco ne na birnin Meksiko, domin a nuna cewa sirrin al'amarin yana cikin tartibin yadda abubuwa suke aukuwa, wane ya riga wane.

Tabo gyara ne na gaggawa. Idan fatar mutum ta tsage, jini yakan daskare, wurin ya kumbura, sannan ƙwayoyin da ake kira faibiroblas su yi ta zuba zaren kolajin a jere, duk su fuskanci gefe guda, alhali kuwa a lafiyayyar fata zaren a sarƙe yake kamar saƙar kwando; saboda haka ne tabo ba ya fid da gashi, ba ya gumi, ƙarfinsa kuma ba ya wuce kimanin kashi 80 cikin 100 na fatar asali. Wanda ya taɓa ganin hannun da ƙuna ta ƙanƙance, ko tabon nan mai tudu da kan taso a kunne bayan huji, wanda ya fi addabar baƙar fata, ya san mas'alar ta wuce batun kyan gani.

A shekarar 2012 Ashley Seifert da Malcolm Maden da abokan aikinsu a Jami'ar Florida suka yanke fatar aksolotil har zurfinta duka, suka bi warkewarta daki-daki. Abin da suka tarar shi ne, ƙwayoyin saman fata sukan malalo su rufe bakin raunin cikin kwana guda ba tare da ɓawo ba, amma zuba sabon kolajin yakan yi jinkiri fiye da mako, kuma a cikin wannan rata wurin yakan cika da wani furotin mai suna tenasin, wanda yake sauƙaƙa wa ƙwayoyi kai da kawowa, har bayan kamar wata uku fata ta koma yadda take, da sassanta masu fid da majina da launinta. Da mai jayayya zai ce ai zaman ruwa ne ya jawo haka, to, sun tilasta wa wasu rikiɗa zuwa rayuwar tudu, su ma suka warke ba tabo, illa dai sun fi nawa.

An daɗe ana zaton ƙarancin kumburi shi ne dalili, sai ga James Godwin da Nadia Rosenthal a Ostireliya, cikin 2013, sun kawo hujjar da ta raunana wannan zato: da suka kawar da makrofaj, wato ƙwayoyin garkuwar jiki masu haɗiye datti, kafin su yanke ƙafar dabbar, sai dungulmin ya rufe da tabo, ƙafa ba ta tsiro ba, da ƙwayoyin suka dawo aka sake yanke dungulmin, sai ƙafa ta fito. A ganin marubucin nan, babu gwajin da ya kai wannan nauyi a babin, domin ya tabbatar da cewa salamanda ma tana iya yin tabo, kauce masa take yi.

Ƙiyasta wannan a kan mutum yana da madogara, tun da yake tayi a cikin mahaifa, kafin kimanin mako 24, yakan warke ba tabo, kuma ɓera mai ƙaya na Afirka, wanda aka yi nazarinsa a Kenya, yakan mai da fatarsa har da gashinta, ga shi kuwa dabba ce mai shayarwa. Sai dai ƙiyasin yana da haddi. Maganin Juvista, wanda kamfanin Renovo na Manchester ya gina a kan sinadarin TGF-beta 3 mai yawa a raunin tayi, ya faɗi a babban gwajinsa na 2011, kuma ba abin mamaki ba ne, don kuwa an nemi sinadari ɗaya ya yi aikin jerin matakai masu bin juna. Abin da ya fi kusa da darasin salamanda shi ne aikin ɗakin binciken Michael Longaker a Stanford cikin 2021, inda aka hana faibiroblas jin ɗaurin fata da maganin verteporfin, ɓeraye suka warke da gashinsu. Amma fatar ɓera sako-sako ce, ta mutum kuwa a ɗame take a kan nama, don haka hukuncin yana jiran gwaji mai faɗi a kan mutane.